Daga riƙe makirufo a wajen dina zuwa wasan barkwanci na talabijin: ta ina ake farawa?

Bazazzage, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan ciki da bai. Ina gabatar da taro a wajen dina da walimar kammala karatu a nan Zariya, galibi tsakanin Samaru, Kongo da Sabon Gari, kuma nakan jefa barkwanci a tsakani jama'a su dara. Burina abin ya zama sana'a: in riƙa tsayawa ni kaɗai da makirufo ina ba da dariya, daga baya in rubuta wasan barkwanci mai dogon zango, in fito a cikinsa a talabijin. Yaya ake rubuta barkwancin tsaye har ya tsaya da ƙafarsa? Me gidan talabijin ke son gani kafin ya saurari mutum? Kuma ta ina kuɗin ke shigowa, don a gida an fara tambaya. Allah ya saka da alheri.

Malam Tanimu, Kongo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara raba abu biyu a ranka: gabatar da taro daban, barkwancin tsaye daban. A wajen dina don ango da amarya aka zo, an ci an sha, rabin mutanen sun san juna, ko sunan abokin ango ka kira da wata irin murya za a yi dariya. Wannan dariyar ba ta auna komai. Abin da ke auna ka shi ne minti biyar a gaban mutanen da ba su san ka ba, da abin da ka zauna ka rubuta da hannunka.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ɗan kama ma haka yake tsayawa a kasuwa ko gidan biki, ya ɗauko salon wa'azin malamai ko waƙar wani makaɗi ya juye ta ta koma zancen tuwo da nama, kuma ya san inda kowace gaɓa za ta faɗa domin ya daɗe yana goga ta a gaban jama'a. Sabon abu kawai shi ne a sayi tikiti a zauna a zaure don dariya zalla, wanda ya bunƙasa a Kudu ta hannun su Ali Baba da taron Nite of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara a 1995.

Ga yadda ake gina minti biyar ɗin. Mutum yana furta kalma 130 zuwa 150 a minti in yana magana a natse, amma dariya tana cin lokaci, don haka kada rubutunka ya wuce kalma 500. A kowane minti ana son dariya huɗu zuwa shida, wato aƙalla wuri 20 a takardarka da za ka ɗora yatsa ka ce nan za a dara. In ka ƙirga ka samu takwas, labari ka rubuta.

Kowane barkwanci gaɓa biyu ne, wani lokaci uku. Akwai shimfiɗa, wadda ke sa mai sauraro ya zaci ya san inda aka dosa. Akwai juyi, wanda ke sauke shi wani wuri dabam. Sai ƙari, guntun zancen da ake ɗorawa kan dariyar da ta riga ta tashi ba tare da sabuwar shimfiɗa ba. Misali: "Mai gidan hayarmu a Samaru akwai tausayi. Da na gaya masa rufin ɗakina yana yoyo, a daren ya zo da kansa, ya duba, ya girgiza kai, ya ƙara min kuɗin ruwa." Ƙarin kuma: "Da iskar hunturu ta fara shigowa ta wannan ramin, ya ce in kawo na fanka." Lura da inda kuɗin ruwan ya zauna, a ƙarshen jimla, babu ko kalma ɗaya bayansa. In ka ce "ya ƙara min kuɗin ruwa wai tunda ruwa na shigowa ɗakin, ku ji mugunta," ka take dariyar da bakinka, domin jama'a za su haɗiye ta su saurari ragowar zancen. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mai bi masa doguwar shimfiɗa: sunan layi, launin ƙofa, yadda aka yi ka kama hayan. Duk kalmar da juyin zai yi aiki in an cire ta, cire ta.

Kayan aikin ka tsinto su daga abin da idonka ya gani: yaron motar Samaru zuwa Sabon Gari, layin rajista a makaranta, gaisuwar surukai. Kada ka kwaso na Legas ka mayar Hausa, kada kuma ka ɗauki na wani ɗan'uwanka. Kowane taro akwai waya 50 tana ɗauka, za a haɗa bidiyon biyu a nuna.

Duk inda za ka yi wasa, ajiye waya a cikin jama'a ta ɗauki sauti, ba a kan dandali ba, don su kake son ji. In ka koma gida ka yi wa kowane barkwanci alama a takardar: dariya sosai, murmushi, ko shiru. Wanda ya ci shiru sau uku a gaban jama'a mabambanta, ko ka sake masa juyi ko ka ajiye shi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san abin da ya gyara shi ba. Wajen jerawa, mafi ƙarfi ya zo ƙarshe, mai bi masa ya buɗe, kuma dariyar farko ta zo cikin daƙiƙa 20 kafin a koma latsa waya. Sabon barkwanci a tsakiya ake cusa shi, tsakanin biyu da aka riga aka tabbatar. Abin da ya ci a farko kuma ka dawo da shi daf da ƙarshe ta fuskar da ba a zata ba. Irin wannan waiwayen yakan fi dariyar farko ƙarfi.

Zariya jama'a iri biyu gare ta, kuma wannan alheri ne ga mai koyo. Taron ɗalibai a Samaru an gauraya, Hausa da Turanci da buroka, ana son sauri. Cikin birni Hausa ce zalla, akwai dattawa, akwai inda ba a taɓawa. Ka riƙe siga biyu ta minti biyar ɗinka. Nemi a ba ka fili kyauta a makon al'adu da tarukan ƙungiyoyin ɗalibai na jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, kuma in biyar aka ba ka ka sauka a biyar, mai zarce lokaci ba a sake gayyatarsa. Kada ka yarda a hau da kai ana cikin raba abinci ko daf da kiran salla.

Makirufo tazarar yatsa biyu zuwa uku daga baki, kada ka rufe kansa da tafin hannu, kada ka tsaya gaban lasifika, biyun nan ne ke jawo ƙarar da ke toshe kunne. In an yi dariya ka yi shiru, sai ta fara sauka ka ɗora.

Anti Bilki, Hanwa:

Ƙanena, duk abin da Malam Tanimu ya faɗa haka yake, amma ka sani rabin abin da ke ci a dandali mutuwa yake yi a gaban kamara. A dandali kai ke ba da labarin mai gidan haya. A talabijin mai gidan ne zai shigo ɗakin, ya ɗaga kai, ruwa ya ɗiga masa a hula, ya yi shiru, ya zaro littafin rasit. Babu mai ba da labari, dariyar ta koma cikin abin da ido ke gani. Kuma barkwancin daƙiƙa 15 ba zai riƙe maka mako 13 na zango guda ba. Hali ne ke riƙewa.

Dubi manyanmu. Marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan, a shirin Karambana na NTA Kaduna, da marigayi Usman Baba Pategi a Samanja. Ba jimlolinsu mutane suka fi riƙewa ba, mutanen suka riƙe. Samanja soja ne mai Hausar bariki, da zarar an jefa shi cikin wata matsala mai kallo ya fara dariya tun bai buɗe baki ba, domin ya san yadda zai ɗauki abin. Irin wannan kake son ginawa.

'Yan wasa na dindindin biyar ko shida, kada su wuce haka. Kowanne ka rubuta masa abu uku: me yake nema a rayuwa, wane hali nasa ke hana shi samu, da yadda yake magana. Gwajin shi ne ka rufe sunaye a shafin ka karanta. In ba ka gane wa ke magana ba, da sauran aiki. Sannan a samu abin da ya ɗaure su wuri guda ko ba sa so, kamar gidan haya, shagon ɗinki, ko tashar mota. Kuma ba sa shiryuwa. In mai gidan hayan ya tuba a kashi na huɗu, shirin ya ƙare a kashi na huɗu.

Ga lissafin. Gidajen talabijin suna tsara shirye-shirye a kan wata uku-uku, shi ya sa zango ɗaya kashi 13 ne. Filin rabin sa'a, in an cire talla da sanarwar tasha, yakan bar maka minti 22 zuwa 25, kuma ka tambayi tashar adadin da take so tun kafin ka rubuta. Sikirif, wato rubutaccen wasan, in an buga shi a tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Fitowa 12 zuwa 15 ta ishe kashi ɗaya, kowace kada ta wuce minti biyu sai da dalili. A shiga fitowa a makare a fita da wuri: ba sai mun ga sallama da tambayar mutan gida da kawo ruwa ba, sai fa in dariyar a cikin gaisuwar take.

Kowane kashi labari biyu ne, babba da ƙarami, su yi karo a ƙarshe. Misali, babban: mai gida ya ji duba-gari za su zo, ga mutum 30 a bayi ɗaya, yana ta neman ɓoye abin. Ƙaramin: wani ɗalibi yana ɓoye abokinsa da ke kwana a ɗakinsa ba ya biyan ko sisi. Karon shi ne mai gida ya ga baƙon a tsakar gida ya ɗauka shi ne duba-garin, ya shiga yi masa hidima da kaji da lemo, shi kuma baƙon ya zaci tarko ne ake ɗana masa. Mai kallo ya san gaskiya, su biyun ba su sani ba, kuma wannan kaɗai zai ba ka minti takwas na dariya ba tare da zagi ko ɗaya ba. Inda za a tafi talla ka tsaya a kan matsala, misali lokacin da duba-garin gaske ya yi sallama.

Abin da za ka kai tasha: jimla ɗaya ko biyu da ta faɗi shirin, takardar bayani shafi biyar zuwa goma mai ɗauke da 'yan wasa da wuraren ɗauka da waɗanda aka yi shirin dominsu, cikakken sikirif na kashi na ɗaya, taƙaitaccen labarin sauran 12, kiyasin kuɗin kashi ɗaya, da samfurin bidiyo ko na minti biyar ne. Wanda ya je da baki kawai yana cewa yana da labari mai ban dariya, ba a kiransa.

Cutar da ta fi addabar finafinan barkwancinmu ita ce a je lokeshan babu maganganu a rubuce, darakta ya faɗi abin da fitowar ta ƙunsa ya ce ku yi ta yi. Sakamakon kullum ɗaya ne. Fitowar minti biyu ta zama bakwai, ɗan wasa in dabara ta ƙare masa ya koma ihu da gori da duka, kuma edita ya rasa inda zai yanka domin abin da aka faɗa a ɗaukar nesa ba shi aka faɗa a ta kusa ba. Ba cewa nake a kashe basirar ɗan wasa ba. A fara ɗaukar abin da ke rubuce har a samu mai kyau, sannan a ba da ɗauka ɗaya ta sakin baki. Abin da ya fito mai kyau a ciki a tsinta.

Kafin a fita ɗauka a tara 'yan wasa a karanta sikirif ɗin da murya daga farko zuwa ƙarshe, wani na riƙe da agogo, wani na yi wa inda aka dara alama. Shafin da ya wuce babu alama a sake shi. Kuma ka rubuta Hausarka da ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ, don a barkwanci harafi ɗaya yana juya ma'ana.

Kada ka rubuta kai kaɗai. Jerry Seinfeld a Amurka ya shekara da shekaru a dandali, amma shirin da ya ɗauki sunansa daga 1989 zuwa 1998 tare da Larry David suka ƙirƙira shi. Nemi wanda ya iya ƙulla labari, kai ka kawo dariyar. Kuma kada ka tattare duk maganganun ban dariya ka ba kanka. Sau da yawa mai shirin ya fi haskawa in shi ne mai hankalin da ke tsakiyar marasa kan gado.

Abin da ke cin kuɗi ka rage shi tun a takarda: sabon wurin ɗauka, fitowar dare, taron jama'a, ƙananan yara, dabbobi, da magana a cikin mota tana tafiya. Wuri uku ko huɗu na dindindin sun isa zango guda.

Bazazzage, Tudun Jukun:

Na gode Malam, na gode Anti, Allah ya ƙara basira. Saura biyu. Dole sai na yi karatun fannin? Kuma wasu na cewa in manta da talabijin in tsaya a YouTube da TikTok, ya kuka gani?

Malam Tanimu, Kongo:

Ba dole ba ne, amma makaranta a ƙofar gidanka take. ABU tana da sashen wasan kwaikwayo a Samaru, da Drama Village, dandalin nan na ginin ƙasa da aka yi tun shekarun 1970. Ka riƙa zuwa kallon wasannin ɗalibai, a nan za ka samu abokan rubutu da 'yan wasa. In takardar shaida kake so, a Jos akwai kwalejin talabijin ta NTA da cibiyar koyar da fim ta ƙasa.

Injiniya Sa'idu, Kwangila:

Malam Bazazzage, ni ta ɓangaren kamara da sauti zan yi magana, domin nan 'yan dandali ke faɗuwa.

A dandali kana wasa ne don na kujerar baya ya gani. A ɗaukar kusa fuskarka ta cika allo, ɗaga gira kaɗan ya isa, zare ido da wage baki kuwa sai su zama abin takaici. Tambayi mai kamara girman ɗaukar kafin a fara, ka auna motsinka da ita. Muryarka ma ka sauke, makirufo yana ƙirjinka. Abin da ya fi wuya shi ne shirun: babu jama'a, ma'aikata an hana su dariya, za ka faɗi abin da ka san yana ci ka ji tsit. A nan masu dandali ke ruɗewa su fara ƙari. Kada ka ƙara komai, ka bar ɗan numfashi bayan juyin don edita ya samu wurin sa fuskar abokin wasanka. Rabin dariyar talabijin a fuskar mai sauraro take, saboda haka ko ba kai ke magana ba kana cikin wasa.

Kowace fitowa ana ɗaukarta aƙalla sau uku, ta nesa da ta kusa ga kowane mai magana, ban da maimaici. In da hannun dama ka ɗauki kofi a kan kalma kaza, haka za ka yi kowane karo. Karin hula, maɓallin riga, yawan shayin da ke kofi, duk sai mai lura da kwantiniti, wato daidaituwar kaya da motsi daga ɗauka zuwa ɗauka, ya ɗauki hotonsu a waya, domin ana iya ɗaukar fitowa ta uku yau, ta huɗu bayan kwana goma. Ba a bin jerin labari wajen ɗauka, wuri ake bi: duk fitowar zaure ta zangon a gama ta, sannan a koma tsakar gida. Kamara kuma ta tsaya gefe ɗaya na layin da ke tsakanin masu magana biyu. In ta tsallaka, a allo sai a ga kamar wuri ɗaya suke kallo.

Sauti ya fi hoto muhimmanci a barkwanci. Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, amma in kalmar ƙarshe ta juyin ta ɓace, an yi asarar fitowar. Kada a dogara da makirufon jikin kamara. A sa na maƙalawa a riga, tazarar kamu ɗaya daga haɓa, kuma a kula da shadda mai sitaci don tana ƙara in an motsa. A haɗa da na sanda daga sama. A saita na'urar ɗaukar sauti a 48 kHz, ƙololuwar murya ta tsaya wajen -12 dB a ma'auninta don ihu kada ya fasa, mai sauti kuma kunnensa a cikin hedifon daga farko har ƙarshe. Hoto a sa shi firam 25 a daƙiƙa, shi ne tsarin talabijin ɗin ƙasar nan. Kafin a bar kowane wuri kowa ya yi shiru a ɗauki sautin ɗakin na daƙiƙa 30, da shi edita ke cike giɓi.

Zaɓen gida a Zariya sai an je an saurara, ba kallo kaɗai ba. Wajen Palladan da kewaye jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi da rana, za ku yi ta tsayawa. Kusa da babbar hanya akwai tireloli, cikin unguwa akwai injin niƙa da makarantar allo. Je gidan a daidai lokacin da za a yi ɗaukar ka zauna minti 20. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, bayan katanga. Firji da fanka a kashe. Jadawalin yini a gina shi a kan lokutan salla tun farko.

Batun YouTube, ni a ganina ka fara can, amma da tsarin talabijin: 'yan wasa na dindindin, rana ɗaya tabbatacciya a mako, minti biyar zuwa takwas. Kashi goma masu tsabtar sauti su ne samfurin da Anti ta ce ka kai tasha. Ka ɗauka a kwance, daga ciki ka yanko na tsaye don TikTok. In ka ɗauka a tsaye tun farko, tasha ba za ta iya amfani da shi ba.

Barista Nura, Sabon Gari:

Ƙanena, ga amsar da za ka kai gida. A shekarun farko gabatar da taro ne zai ciyar da kai, don haka kada ka raina shi. Karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ragowar kafin ka hau, kuma a rubuta ko a saƙon waya ne: rana, wuri, tsawon lokaci, kuɗin mota, da abin da zai faru in an ɗaga bikin. Yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da shi, domin kamfani da hukuma ba sa son biyan asusun mutum.

A talabijin, ko tasha ta ba da kuɗi a yi mata shirin, wanda galibi ita ke mallakarsa, ko ka yi da kuɗinka ka ba ta izinin nunawa na wani lokaci. Hanya ta uku, wadda ta yawaita a tashoshin gida, ita ce ka sayi fili ka nemo masu talla da kanka. Wannan ce ke karya mutane: an biya mako 13, mai ɗaukar nauyi ya janye a na biyar. Kada ka sa hannu kan fili sai takardar mai ɗaukar nauyi ta zango gaba ɗaya tana hannunka. A YouTube kuwa ana neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kana samun kashi 55 cikin 100 a dogayen bidiyo, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Kada ka yi lissafin haya da shi a shekarar farko.

Kai aiki uku za ka yi, ƙirƙira da rubutu da fitowa, to kowanne a rubuta kuɗinsa daban. In aka dunƙule su, ranar da aka canza ɗan wasa ka fita ba ka da komai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta kare tunanin da ke cikin kai, abin da aka rubuta ko aka naɗa take karewa, kuma sayar da haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. A fim, wanda ya shirya ɗaukar, wato furodusa, shi doka ke ɗauka mai shi in yarjejeniya ba ta ce akasin haka ba. Saboda haka ka duba waɗannan da kyau: wa ya mallaki sunan shirin da halin da kake fitowa a ciki, za ka iya hawa dandali ko yin talla da wannan halin, shekara nawa izinin zai yi, a waɗanne ƙasashe, ya haɗa da intanet ko a'a, da abin da za ka samu in an yi zango na biyu. Na farkon ya fi komai, domin jama'a da sunan halin za su riƙa kiranka a titi. Kafin ka nuna wa kowa sikirif, yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Ba wajibi ba ne, amma shaida ce mai kwanan wata. Kowane ɗan wasa da mai gidan da aka yi ɗauka a cikinsa su sa hannu a takardar amincewa.

Sai iyakar baki. Tashoshi suna ƙarƙashin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma tashar ake hukuntawa, shi ya sa za ta yanke duk abin da ya taɓa addini ko ya wulaƙanta ƙabila ko masu lalura. In za ka yi aiki a Kano akwai hukumar tace finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro kan saɓa ƙa'idojinta, a Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda ba a kai su tacewa ba. Intanet ma ba mafaka ba ce: a Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, kan ɓata sunan gwamnan lokacin. Soki hali da tsari yadda kake so, amma kada ka kama sunan mutum ka jingina masa laifin da ba ka da hujjarsa. Wasan Zagezagi da Kanawa ko na Fulani da Barebari yana tafiya lafiya a zaure inda kowa ya san dangantakar kuma ana ramawa. In za ka sa shi a bidiyo, bari Bakanon ya rama a cikin fitowar, domin guntun daƙiƙa 30 za a yanka a yaɗa ga waɗanda ba su ga farkon ba.

Kiɗan buɗe shiri kuma ka sa a yi maka naka a situdiyo, mawaƙin ya rubuta cewa ya sayar maka da shi har da amfani a talabijin da intanet. In ka ɗora waƙar wani, YouTube zai iya karkatar da kuɗin tallan bidiyon zuwa ga mai waƙar, tasha kuma za ta dawo maka da kashin ka cire ta kafin a nuna.